Ƙaryar "Tana Shiga Kowace Mota"

Wannan makon faɗa muka zo yi, kuma a kan abin da ake takawa da ƙafa.

Akwai tsohuwar Land Cruiser a gidanmu, ƙirar 80, irin wadda Toyota ta fito da ita a 1990. Inji lafiya lau, giya ba ta gardama, damina ba ta hana ta shiga ƙauye. Abin da ya mutu a jikinta shimfiɗar ƙasa ce. Ta wajen direba ta huje daidai inda dunduniya take sauka, har ana hango ƙarfe. Muka ɗauka aikin rabin yini ne. Sai da muka shafe sati uku, muka zubar da kuɗi sau biyu.

A shagon farko, mai kaya ko leƙa motar bai yi ba. Ya zaro wata shimfiɗa mai ƙyalli a cikin leda, ya dubi yayanmu ya ce, "Alhaji, wannan ai yunibasal ce, tana shiga kowace mota." Wannan maganar ce muka zo yaƙa da ita yau. Babu takalmin da yake shiga kowace ƙafa, kowa ya yarda da haka. To me ya sa da an zo kan mota sai hankalinmu ya tafi hutu?

Ku buɗe ƙofar tsohuwar jif ku sunkuya ku duba. Ƙasanta ba shafaffe ba ne. A tsakiya akwai tudun da akwatin giya yake kwance a ƙarƙashinsa, kusa da sandar giya ga ƙaramar sanda ta jan tayoyi huɗu, a hagun direba ga wurin ɗora ƙafa, ga kumburin da tayar gaba ta yi zuwa ciki. Ita kuwa yunibasal an yanka ta ne da ƙaramar motar gari a rai, aka zana mata layuka wai ka rage da almakashi. Ragewa ake iya yi, ba a iya ƙarawa. Inda motarka ta fi faɗi sai a bar ƙasa tsirara, inda ta ƙuntata sai shimfiɗar ta naɗe ta yi tozo. Kuma ba ta da ramin da zai hau ƙugiyar da ke riƙe ta, saboda haka duk takun da direba ya yi tana matsawa gaba kaɗan-kaɗan, zuwa wajen totur da birki da kuloci.

Mu a kan hanyar gona ta kama mu. Yayanmu ya taka kuloci zai sauya giya, kuloci ya ƙi kaiwa ƙasa, ashe shimfiɗar ce ta dunƙule a bayansa. Allah ya taimaka ba gudu muke yi ba. Muka tsaya, muka fizge ta, muka jefa a baya, muna dariya. Daga baya ne dariyar ta gushe.

A watan Agusta na 2009, kusa da San Diyego a Amurka, wani jami'in sintirin manyan hanyoyi yana tuƙa Lexus ES 350 da dillalin motoci ya ara masa. An shimfiɗa mata robar ƙasa ta wata Lexus ɗin daban, mafi girma. Robar ta danne totur, motar ta ƙi tsayawa, shi da matarsa da 'yarsa da surukinsa duka suka rasu. Mutumin da tuƙi sana'arsa ce ke nan. A ƙarshen shekarar Toyota ta yi kiranyen motoci kusan miliyan 3.8 a Amurka kan matsalar shimfiɗar ƙasa, ta kuma ce wa masu motocin su cire ta wajen direba kafin a gyara. Ku lura, waccan shimfiɗar ta kamfanin ce, mai kyau ce, laifinta kawai ba ta motar ba ce. Ina ga wadda ba a yanka ta don kowace mota ba? Ina kuma ga ɗabi'armu ta ɗora sabuwa a kan tsohuwa, wai don kada ta ƙasan ta yi datti?

Sai tsatsa, wadda ba ta kisa a rana ɗaya amma tana cin mota. Jif motar laka ce da yashi da tsallaka rafi. Ruwa ya bi ta gefen da shimfiɗa ba ta rufe ba, ya kwanta a ƙarƙashi, roba ta hana shi bushewa. Damina biyu, uku, sai ka ji mai walda yana maganar yanke ƙasan mota a sa faci.

Kuɗinmu na biyu intanet ce ta cinye. Ƙaninmu ya samo wadda aka rubuta ƙirar 80 ɓaro-ɓaro, aka biya, aka jira. Ta iso, roba mai kauri, yanka mai kyau, sai dai ta direba tana dama. Ta motar Ostareliya ce. Can da Japan da Ingila sitiyari a dama yake, mu kuwa tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, sitiyarinmu yana hagu, kamar na Nijar da Amurka da ƙasashen Larabawa. Laifin namu ne, ba mu tambaya ba. Kuma sunan mota kaɗai ba ya isa. Ƙirar 70 tun 1984 ake yin ta har yau, akwai gajeriya, akwai doguwa, akwai a-kori-kura, ƙasansu ba ɗaya ba ne. Nissan Patrol ta 1987 daban take da wadda ta gaje ta a 1997. Idan dole sai ka yi oda, ka haɗa da shekara da lambar ƙira da gefen sitiyari da irin giya, ta hannu ko otomatik.

Amma me ya kai mu oda tun farko? Nan ne faɗan ya dawo kanmu. Mun wuce rumfar mai ɗinkin kujerun mota sau nawa a cikin sati ukun nan? Mun raina shi ne saboda kayansa ba sa zuwa a leda da rubutun Turanci. Mun fi yarda da baƙon da bai taɓa ganin motarmu ba a kan mutumin da zai durƙusa a cikinta da kwali da alli. A Ƙofar Ruwa ta Kano da Fanteka ta Kaduna, da duk garin da tsofaffin Hilux da Land Cruiser suke aiki har zuwa Agadas, akwai masu wannan sana'a, kuma su ne suke riƙe da motocin da kamfani ya daɗe da mantawa da ƙananan kayansu.

Ba mu ce duka gwanaye ne ba. Akwai mai yanka maka kafet ɗin ɗaki, wanda yake shan ruwa kamar soso ya yi ta wari. Akwai mai shafa gam ya liƙe ta da ƙarfe, ka rasa yadda za ka ɗaga ka share. Kada ka yarda da ko ɗaya. Ka tsaya a kansa ya fara fitar da siffar ƙasan da kwali, ya gwada, ya gyara, kafin reza ta taɓa roba. Ka ce roba mai kauri kake so, wadda bayanta ba ya santsi. Ta wajen direba dole a huda ta a kan ƙugiya, in ƙugiyar ta karye a sa wata. Kafin ka biya, ka zauna inji a kashe, ka taka totur da birki da kuloci har ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, ka sake su. In wani ya gogi shimfiɗar ko da kaɗan ne, a ƙara yankewa.

Dattijon da ya yi mana tamu bai kai awa uku ba. Da ya ɗaga tsohuwar, ya nuna wa yayanmu wani jan tabo kamar tafin hannu a ƙarƙashin kujera, ya ce, "Alhaji, wannan a kankare shi a shafa fenti kafin in shimfiɗa, in ba haka ba aikina zai rufe maka ciwo ne kawai." Aka yi hakan. Kuɗinsa duka bai kai na ta Ostareliya ita kaɗai ba.

Ta Ostareliyar tana nan a sito, in akwai mai mota mai sitiyari a dama a cikinku ya yi magana. Yunibasal ɗin kuwa Hajiyarmu ta shimfiɗa ta a ƙofar banɗaki, kuma can ta zauna daram.