Jinin Dasashi da Mai Lasifikar Tasha

Da wuya a shiga tashar mota ko kasuwar mako a rasa shi. Ya buɗe but ɗin mota, ya ɗaura lasifika a kan rufi, ya jera ƙulle-ƙullen leda da 'yan kwalabe, yana rantsuwa cewa garinsa na kashe tsutsar haƙori, yana tsayar da jinin dasashi, yana kafe haƙorin da ke girgiɗi, in an ɗan ƙara kuɗi ma har basir zai haɗa. Jama'a kuwa sai miƙa hannu suke yi. Wannan mai lasifikar shi ne abin sharhin yau, domin ciwon da yake tallar maganinsa bai san shi ba, kuma ba tsutsa ce ke kawo shi ba. Likitan haƙorin nan na Faransa, Pierre Fauchard, tun a 1728 ya yi watsi da batun tsutsa. Kusan shekara 300 ke nan, amma labarin bai iso tasha ba tukuna.

Abin da ke faruwa a baki ya fi haka sauƙin ganewa. Kullum akwai wani datti mai yauƙi da ke taruwa a inda haƙori ya haɗu da dasashi, kuma ƙwayoyin cuta ne cunkus a cikinsa. Idan an bar shi, dasashi zai yi ja, ya kumbura, ya riƙa fitar da jini da an taɓa shi da burushi ko asawaki. A 1965 wani likita mai suna Harald Löe ya gwada wannan a Denmak. Ya sa matasa masu lafiyayyen baki suka daina wanke haƙora kwata-kwata, kuma cikin kwana 10 zuwa 21 dasashinsu ya kumbura. Da suka koma wanke baki, cikin kamar mako guda komai ya lafa. Wato a wannan mataki magani yana hannun mai baki, ba ya buƙatar gari ko kwalba.

To amma wa ya damu da ɗan jini a kan asawaki? Sai a tofar, a ce burushin ne ya yi tauri, ko a ce zafi ne ya yi yawa a jiki. Dattin kuma ya daskare ya zama ɓawo mai tauri, wanda ba burushi ba asawakin da zai iya ɓamɓare shi. Daga nan sai ya gangara ƙarƙashin dasashi. Jiki ya tashi yaƙar ƙwayoyin, kuma a cikin wannan yaƙin ne zaren da ke ɗaure haƙori da ƙashin muƙamuƙi yake tsinkewa, ƙashin kansa ya fara narkewa. Lafiyayyen dasashi yana da ɗan rami a gefen haƙori wanda bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba. Idan ciwo ya kama, ramin ya kai 4, ya kai 5, in ya tsananta ya kai 6 ko ya zarce. Haƙorin kansa yana iya zama fari tas, babu kogo ko ɗaya, amma yana tsaye ne kamar bishiyar bakin kwari da zaizaya ta kwashe ƙasar gindinta. Ƙashin da ya tafi kuwa ba ya dawowa don kansa.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya ce kimanin kashi 19 cikin ɗari na manyan mutane a duniya suna ɗauke da matsanancin ciwon dasashi, wato sama da mutum biliyan ɗaya. Kasuwa ce babba, kuma mai lasifika ya san da haka.

Ba kowa ciwon ke ci da sauri ɗaya ba. Shi dai wannan Löe ya bi sawun ma'aikatan gonakin shayi 480 a Siri Lanka daga 1970 zuwa 1985, mutanen da ba su taɓa ganin likitan haƙori ba. Kimanin kashi 11 cikin ɗari ciwon bai wuce kumburi a bakinsu ba. Kashi 81 ya ci su sannu a hankali. Sauran kashi 8 kuwa ya yi musu kwaf ɗaya: a shekara 35 sun rasa haƙora wajen 12, kafin su kai 45 baki ya zama fayau. Saboda haka wanda ke cewa kakansa bai taɓa riƙe burushi ba amma ya rasu yana tauna rake, gaskiya ya faɗa. Sai dai babu wanda ya ba shi tabbacin cewa rabon kakan ne ya gada.

Babban abin da ke ciyar da mai lasifika shi ne, wannan ciwo ba ya zafi. Shekaru yake yi yana aiki shiru. Sai warin baki da ba ya jin kanumfari, sai haƙora su yi kamar sun ƙara tsawo, sai giɓi ya buɗe tsakanin na gaba inda da babu, sai zaren nama ya riƙa maƙalewa a wuri guda. Ranar da zafi ya zo, yawanci mugunya ce ta taru a cikin ramin. Mutum ya garzaya tasha, ya sayi gari, ya danna a wurin. Bayan kwana biyu ƙurjin ya fashe don kansa, kamar yadda da ma zai fashe, zafi ya sauka. Wa aka gode wa? Mai lasifika. Wa za a kai wa maƙwabci gobe? Mai lasifika. Ramin kuma yana nan, ya ma ƙara zurfi. Wasu har taba gari suke cusawa, wasu kanwa, wasu ma ruwan batir, wanda ke ƙona naman da ya rage.

Ƙanin mai lasifika kuma yana cikin unguwa, a bayan kantar kemis. Shi ba ya ihu, kafson kashe ƙwayoyin cuta kawai yake ƙirgawa a leda, na kwana uku. Kafso na iya sassauta kumburi na ɗan lokaci, amma ba ya kankare ɓawon da ke manne a jikin saiwar haƙori, kuma ƙwayoyin da ke ɓoye cikin wannan dattin magani ba ya isa gare su yadda ya kamata. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin dasashi ta Turai ta fitar a 2020 ba ta yarda a riƙa ba kowa irin waɗannan magunguna ba, sai a wasu lokuta ƙalilan, kamar matashin da ciwon ke ci da gaggawa, kuma tare da aikin hannu, ba a madadinsa ba.

Aikin hannun ba wani abin tsoro ba ne. Likita yana da wani siririn ƙarfe mai zane-zanen awo, yana zura shi a hankali gefen kowane haƙori yana faɗin lamba, wani na rubutawa. A ɗauki hoton ƙashi a ga nawa ya rage. Tun taron da masana suka yi a Shikago a 2017, ana kasa ciwon mataki huɗu, daga na farko zuwa na huɗu inda haƙora da dama sun tafi har tauna ta gagara. Sai a yi allurar kashe zafi, a kankare ɓawon sama da ƙasan dasashi, da na'ura mai feshin ruwa ko da ƙarfen hannu. A koya wa mutum yadda zai tsabtace tsakanin haƙora, inda burushi ba ya shiga. Bayan wata biyu zuwa uku a sake awo. Ramin da ya ƙi rufewa, mai milimita 6 ko fiye, shi ake yi wa ƙaramar tiyata, a ɗaga dasashi a wanke saiwa, wani lokaci a cike gurbin ƙashi in siffar ramin ta ba da dama. Haƙorin da ya riga ya gama kuwa a cire shi, don kada ya ja na kusa da shi.

Nan ne kuma ake samun jita-jitar da ta fi kowace ɓarna, wai wankin haƙori a asibiti yana sa haƙora girgiɗi da giɓi. Wanda ya faɗi haka ba ƙarya ya gani ba, fassara ce ya ɓata. Ɓawon da aka cire shi ne ya liƙe haƙoran ya toshe giɓin, kumburi kuma ya rufe saiwar. Da aka kwashe datti, kumburi ya sauka, sai ɓarnar shekaru ta fito fili, har ruwan sanyi ya riƙa tsirgawa na 'yan makonni. Likita ya bankaɗo abin da ke ɓoye, sai aka ɗora masa laifin. Mai lasifika kuma ya samu sabon baitin talla.

Ga wanda ya daure, sakamakon a rubuce yake. A 1978 likitoci biyu a Niyok, Hirschfeld da Wasserman, sun duba bayanan marasa lafiya 600 da aka yi wa aiki kuma suka ci gaba da zuwa ana duba su, na tsawon shekara 22 a matsakaici. Kimanin kashi 83 cikin ɗari ba su rasa fiye da haƙora uku ba. Sharaɗin dai shi ne komawa, sau da yawa duk wata uku, har iya rayuwa. Mai shan sigari kuma ya sani cewa hayaƙi yana takure jijiyoyin dasashi, jini ba ya fita sosai, sai ya ɗauka lafiya lau yake, alhali nasa ciwon ya fi sauri kuma ya fi ƙin jin magani.

Amma akwai wani wurin da ya kamata a ce an kama wannan ciwo tun da wuri, kuma ba a kamawa, shi ne ɗakin masu ciwon suga. Wannan ya fi ci wa mai sharhin nan tuwo a ƙwarya. Tun 1993 Löe ya sanya ciwon dasashi a matsayin matsala ta shida da suga ke haddasawa, bayan na ido da ƙoda da jijiyoyi da sauransu. Binciken da aka yi a kan ƙabilar Pima ta Arizona a Amurka ya nuna mai suga ya ninka wanda ba shi da shi kusan sau uku wajen kamuwa. Abin kuma gaba da baya yake yi: suga na rura ciwon dasashi, dasashi mai mugunya na hana suga sauka. Nazarin da ƙungiyar masu bincike ta Cochrane ta fitar a 2022 ya gano cewa yi wa dasashi aiki yana rage gwajin nan na matsakaicin sugan wata uku da kimanin maki 0.4. Ga likitan suga wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Duk da haka, mai suga zai yi sammako ya bi layi, a soki yatsarsa, a auna hawan jini, a duba tafin ƙafa, a tura shi wurin masu ido, a ja masa kunne kan tuwo da lemon kwalba. Baki kuwa, wanda da shi yake amsa duk tambayoyin nan, ba wanda zai ce ya buɗe. Sannan a ce masa ya riƙa cin ganye da wake da 'ya'yan itace, mutumin da turamensa suka zube ba abin da yake iya haɗiya sai koko da burodi jiƙaƙƙe da shayi. Haba jama'a! Ɗaga leɓe bai kai minti ɗaya ba, ba ya buƙatar na'ura, ba ya buƙatar wutar lantarki. Ma'aikaciyar jinyar da ke rubuta lambar suga a kati tana iya tambayar ko dasashi na jini, ko akwai haƙorin da ke motsi, ta rubuta takarda zuwa sashen haƙori, wanda a manyan asibitoci da dama yana cikin harabar guda. Shi ma likitan haƙorin da ya ga ɗan shekara 40 da ƙuraje a dasashi suna fashewa suna dawowa, ya tura shi gwajin suga kafin ya ɗauko abin cire haƙori.