A Ba Makanikan Panshekara Fili Kafin A Kore Su

Akwai wani bakanike a layinmu a Panshekara. Da can ma'aikaci ne a wata masaƙa a Sharada. Da aka rufe ta, sai ya koma ya koyi gyaran mota da furfurarsa. Duk jarinsa bai wuce jak biyu, akwatin sifanu, ƙaramin injin ba taya iska da wani rami da ya haƙa a ƙofar gidansa ba. Da wannan yake ciyar da iyalinsa, da wannan yake koya wa yaran unguwa sana'a. A gabana wasu mutane suka zo da littafin rasit da gwangwanin jan fenti, suka ce masa nan unguwar zama ce, ba shi da izinin ajiye kayan gyara. Ya ce, "Ranka ya daɗe, to ina zan koma?" Babu wanda ya ba shi amsa. Wannan shirun ne ya sa na ɗauki alƙalami, kuma raina a ɓace yake.

Na yarda cewa gareji a tsakiyar gidaje yana da illa. Baƙin man da ake juyewa a kwata yana bin ƙasa har rijiyoyinmu. Ruwan batir guba ne. Tartsatsin walda kusa da galan ɗin fetur ya isa ya tashi layi guda. Ni ma ƙarar janareta ta sha hana ni barcin rana. Dokar da ta raba wurin zama da wurin sana'a tana da amfani, kuma ina goyon bayanta.

Amma wa ya raba? Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna a matsayin amana. Hukumar tsara birane, KNUPDA, ita ke da alhakin cewa nan gidaje, nan kasuwa, nan masana'anta. To a zo a zaga unguwannin da suka tsiro daga Panshekara zuwa sauran sassan Kumbotso. Yawancinsu awon igiya ne: mai gona ya yanka, ya sayar, kowa ya gina, ba a bar filin makaranta ba balle na makanikai. Gari ya cika a kan idon mahukunta, sai yanzu da talaka ya kafa jak ɗinsa ake tuna masa da tsari. Wanda ke zaune a awon igiya, wanda sau da yawa ba shi da takardar mallaka, da me zai nemi izinin sauya amfanin fili? An rufe masa ƙofa, sannan ana cin tararsa don bai shiga ba.

Abin da ya fi ƙona min rai yana can ƙasa da mu kaɗan, a Challawa. Shekara da shekaru kamfanonin jima suna sakin gurɓataccen ruwa mai ɗoyi zuwa Kogin Challawa, ruwan da manoman rani ke ban-ruwa da shi, masunta kuma ke neman abinci a cikinsa. Duk wanda ya bi hanyar da yamma hancinsa ya gaya masa. Haka ruwan Bompai yake gangarawa ta rafin Getsi zuwa Jakara. Wannan ɓarna ta ninka ta dukkan makanikan unguwarmu, amma bakanike ake fara taɓawa saboda ba shi da lauya, ba shi da mai gadi a ƙofa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuma fili bai ƙare ba. A Sharada da Challawa da Bompai ga kamfanoni nan birjik a garƙame, ciyawa ta rufe harabarsu, wasu sun koma rumbunan ajiyar kaya. Wurare ne da tun asali aka ware don ƙara da hayaƙi da maiko. Me zai hana gwamnati ta zauna da masu su, a yanka wa makanikai rumfuna a kan haya mai sauƙi, da wurin tara baƙin mai da tsofaffin batura? Ƙungiyar makanikai ta NATA ta san 'ya'yanta, za ta iya tantance su.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, mutane kaɗan ne ke iya sauya mota. Tsohuwar ake lallaɓawa, kuma mai Adaidaita Sahu da ya lalace masa da asuba ba zai tura shi har garejin makanikai na Kwakwaci ba. Bakaniken unguwa yake nema.

Mai girma Gwamna, shugabannin Ƙaramar Hukumar Kumbotso, ku ware wa makanikan Panshekara fili, ku sa izini ya zama takarda ɗaya daga ofis ɗaya a kan kuɗin da kowa ya sani. Bayan haka duk wanda ya juye mai a kwata ku hukunta shi, ni zan fara ba da shaida. Kafin nan, ku bar wa bawan Allah jak ɗinsa.