Makaɗi a Bayan Mawaƙi

A harkar kiɗa, mawaƙi ke kwashe suna, makaɗinsa kuwa ba a cika tunawa da shi ba. A wuraren biki na Nasarawa GRA a Kano, har yau akan sa waƙoƙin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, dattawa suna gyaɗa kai da zarar kalangu ya tashi. Kaɗan ne cikinsu suka san sunan wanda ya matse tsarkiya a hammata har kalangun ya yi magana. Ko a Ingila, mawaƙi Ozzy Osbourne ya fi Bill Ward, makaɗin ƙungiyarsu ta Black Sabbath, shahara nesa ba kusa ba. Wannan tauye haƙƙi ne. Ya kamata gidajen rediyon Kano su riƙa ambaton makaɗa idan sun sa waƙa.