ALKAWARIN SABUWAR SHEKARA: ABIN DA NA KOYA A WURIN TELATA

Na san da yawanku kun leƙo ne da zumuɗin ganin ci gaban labarinmu, to ku yi haƙuri, yau wata magana ce ta tsaya mini a rai, in ban fitar da ita ba alƙalamin ma ba zai tafi ba.

Ina da maƙwabciya a nan Daura, tela ce, Bahaushiya Kirista daga wajen Malumfashi, ta girme ni, Yaya nake ce mata. Duk daren 31 ga Disamba a coci take kaiwa sha biyun dare ita da 'ya'yanta, suna waƙoƙi da addu'ar tsallake shekara, kuma kafin a tashi kowa yakan ƙudurta abin da zai gyara tsakaninsa da Ubangiji. Da ina ɗaukar abin kamar na 'yan Facebook ne, wance ta ce bana sai ta rage ƙiba, wane ya ce ya daina cin bashi, kafin hunturu ya wuce duk an manta.

Azumin 2025 ne ya canza mini tunani. Saura kwana goma sallah na kwashi atamfata da shaddar yara na shiga wurinta, ina taƙamar ni ta gida ce. Ta duba kayan ta miƙo mini abina.

"Hajiya ki yi haƙuri, na rufe karɓa."

"Haba Yaya, har ni?"

"Har ke. Na ƙirga abin da zan iya gamawa kafin sallah, kuma ya cika. Na yi wa Ubangiji alkawari bana ba zan sa ɗan kowa kuka ranar idi ba."

Wallahi raina ya ɓaci. Na kai wa wani tela, ya karɓa hannu bibbiyu yana ta rantsuwa, ƙarshenta da tsofaffin kaya yarana suka je kallon hawan Magajiya.

Bayan na huce na koma na tambaye ta sirrin. Ta ce ba sirri, abu uku ne. Na farko, ƙuduri ɗaya tak ta ɗauka, kuma a kan haƙƙin mutane, domin Littafin Mai-Wa'azi sura ta 5 ya nuna rashin yin wa'adi ya fi yinsa a kasa cikawa. Na biyu, ta rubuta a takarda ta sa cikin Littafi Mai Tsarki, ta kuma faɗa a gaban 'yan zumuntar mata, duk Lahadi akwai mai tambayarta ina aka kwana. Na uku, ba da ƙarfinta ta dogara ba, don Wasiƙar Yaƙub sura ta 4 ta hana su cika baki a kan gobe ba tare da jingina abin ga nufin Ubangiji ba.

Na ce ba ki taɓa karyawa ba? Ta yi dariya, ta ce gab da Sallar Gani zazzaɓi ya kwantar da ita, ta ga ɗinki biyu ba za su kammala ba, sai ta aika wa masu su da kayansu da kafin alƙalaminsu tun da sauran kwanaki, ta roƙi gafarar Ubangiji ta ci gaba. "Wanda ya faɗi a watan Satumba ba ya kwanciya jiran Janairu," in ji ta.

Da na ɗan bincika sai na ga abin ya daɗe a cikinsu. Wani malamin Kirista a Amurka, Jonathan Edwards, tsakanin 1722 da 1723, yana saurayi, ya rubuta wa kansa ƙudurori 70, ya kuma ɗora wa kansa karanta su sau ɗaya kowane mako. A Landan kuwa John Wesley ya fara taron sabunta alkawari da Allah a 1755, daga baya mabiyansa suka mayar da shi farkon shekara. Ka ga ke nan ba daren ne ke gyara mutum ba, bibiyar ce.

Na san wani zai ce, Hajiya me ya haɗa mu da shekarar Nasara, mu da muke da Muharram? Ban ce kowa ya yi biki ba. Amma alkawari kaya ne, kuma ba ruwansa da kalanda. Mu da Suratul Kahfi ta koya mana faɗin insha Allahu, mu da muka san saɓa alkawari na cikin alamomin munafuki guda uku, yaya aka yi insha Allahun ta zama hanyar sallamar mutum? Yau in mai gyaran waya ya ce maka "gobe insha Allahu" sai gabanka ya faɗi.

Mu mutanen Daura ma bai kamata a koya mana wannan ba. A labarin rijiyar Kusugu, da gari ya waye aka tarar da macijiya a mace, masu cewa su suka kashe ta ba su ƙirguwa, amma da aka ce a kawo kai, Bayajidda kaɗai ya fito da shi. Ranar 1 ga Janairu ko 1 ga Muharram kowa gwani ne, a ƙarshen shekara ake cewa ina kan?

Yanzu bari in dawo kaina, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Akwai littafina da wasunku suka biya kuɗin karantawa har ƙarshe, na tsaya a tsakiya, kullum ina cewa "mu haɗu a fitowa ta gaba", alhali na buɗe wani sabo. Ashe ni ma telar sallah ce, na tara ɗinkin mutane ina karɓar wani. To ga nawa ƙudurin guda ɗaya: ba zan fara sabon labari ba sai na kammala wancan, babi ɗaya duk Juma'a in Allah Ya yarda, wadda kuma ta gaji da jira ta yi magana in mayar mata da kuɗinta. Ku ne shaiduna, duk Juma'ar da kuka ji shiru ku tambaye ni, kada ku ji nauyina.

Allah Ya ba mu ikon sauke abin da muka ɗauka, amin.

Taku har kullum, daga Daura.