Me Muke Gudu Idan Muka Ɗauki Waya?



A watan Satumba na 2021 gwamnati ta datse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Funtuwa da Malumfashi da Dutsin-Ma. Mu mutanen Matazu da ke zuwa waɗannan garuruwa karatu ko cin kasuwa mun ga abin da ya biyo baya. 'Yan kasuwa sun tafka asara, iyaye sun kasa jin lafiyar 'ya'yansu. Amma mun ga wani abu daban a wurin ɗalibai. Sai ka tarar da saurayi yana shafa wayar da ya san babu sabis, ya buɗe ya rufe, ya sake buɗewa. In ka tambaye shi damuwarsa, sai ya ce ba komai.

Da ASUU ta tafi yajin aiki daga Fabrairu zuwa Oktoba na 2022, ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da na Ahmadu Bello suka dawo gida wata takwas. Wasu sun bi iyaye gonar masara da dawa. Da yawa daga cikinmu kuwa datar dare muka riƙa saye, mu kwana a TikTok, mu makara asuba, mu tashi da ciwon kai da saurin fushi.

A ganinmu, yawan awanni kaɗai ba shi ke nuna jarabar waya ba. Ɗalibar da ke sayar da atamfa a WhatsApp na iya wuni a kan waya, kuma sana'a take yi. Abin dubawa shi ne dalilin ɗaukar wayar. A 1998 wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Kimberly Young, ta tsara tambayoyi 20 na auna wannan jaraba, har da tambayar ko mutum kan fake da intanet don ya danne tunanin da ke damunsa. Wanda ya faɗi jarabawa, ko kuɗin makaranta ya gagara, yakan nutse cikin bidiyo kafin ya gane abin da ke cin ransa. Damuwar tana nan, barci ya lalace, karatu ya ja baya.

Mu masu son rubutu asararmu ta ninka. Hausa ta bambanta takaici da haushi, kewa da kaɗaici, fargaba da tsoro, ƙunci da baƙin ciki. Amma ku duba labaranmu: ko me ya sami jaruma, "ranta ya ɓaci" ne, sai hawaye. Wanda bai taɓa zama shiru ya tantance abin da yake ji ba, da wuya ya iya bayyana na wani a takarda.

Ba mu ce a jefar da waya ba, ai ta cikinta muke haɗuwa. Ga gwajin wannan mako: bayan isha'i mu ajiye ta awa ɗaya, mu ɗauki biro mu rubuta sunan abin da muke ji da abin da ya jawo shi. Wanda ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya faɗa wa wani babba da ya yarda da shi, ko ya ga likita.

Allah Ya sa mu dace.