Ƙananan Halittun Da Ke Riƙe Da Kifin Ikko

Duk wanda ya bi ta kan babbar gadar nan ta uku a Ikko, wadda aka ƙare gininta cikin 1990, zai ga wani makeken ruwa kwance lumui, ba ya tumbatsa irin ta teku. Wannan shi ne tafkin da Yarbawa ke kira Osa. Kogin Ogun da waɗansu ƙoramu suna kwararo masa ruwan daɗi daga tudu, teku kuma tana turo masa ruwan gishiri ta mashigin jiragen ruwa. A nan ruwan biyu ke gauraya, a nan kuma dubban masunta, irin na Makoko, ke samun abin sakawa a bakin salati.

Abin da ido ba ya gani shi ne cewa kowane ludayi na ruwan nan cike yake da rai. Idan aka ɗiga shi ƙarƙashin madubin likita sai a ga waɗansu halittu ƙanana ƙwarai suna shawagi, ba su da ƙarfin yin iyo su saɓa wa igiyar ruwa, sai inda ta kai su. Masana kimiyya suna kiransu filankiton. Iri biyu ne. Akwai masu ɗabi'ar tsiro, waɗanda ke haɗa abincinsu da hasken rana, akwai kuma masu ɗabi'ar dabba, waɗanda ke cin na farkon. Su kuma na biyun su ne abincin 'ya'yan kifi da na jatan lande da na ƙaguwa. Kifin bonga ma, wanda ake sayar da bandarsa a kasuwanni, tace su yake yi daga ruwa ya haɗiye. Wato dai su ne ciyawar ruwa, kifi kuwa shi ne garken da ke kiwo a kansu. Bugu da ƙari, masu ɗabi'ar tsiron da ke cikin tekunan duniya su ke samar da wajen rabin iskar oksijin da ake samarwa a doron ƙasa.

Halittun nan suna bin yanayi. Da damina, in kogi ya kawo, gishirin tafkin yakan ragu ainun, sai irin na ruwan daɗi su yawaita. Da rani kuwa teku ke rinjaye, sai irin nata su shigo. Saboda haka masu bincike, kamar na Jami'ar Ikko da ke Akoka a bakin tafkin, da na Cibiyar Nazarin Teku da aka kafa cikin 1975, sukan ɗebi ruwa su ƙidaya ire-irensu. In wani iri ya ɓace, wani ya yi yawa fiye da kima, to alama ce ruwa ya kamu da ciwo tun kafin a ga mataccen kifi ko ɗaya.

Haɗarin irin wannan ruwa shi ne kwanciyarsa. Da yake a killace yake, ƙofarsa ta zuwa teku kuwa ƙunci gare ta, abin da aka zuba masa ba ya saurin fita. An daɗe ana juye masa bahaya a gaɓar Iddo, an shekara aru-aru garin katako yana gangarawa cikinsa daga Okobaba a Ebute Metta, ga kuma dagwalon masana'antu da na magudanun gari. Ƙazanta taki ce ga filankiton. In ta yi yawa sai su hayayyafa babu kan gado, ruwa ya rine, sa'an nan su mutu su nutse. Ƙwayoyin da ke ruɓar da su sai su shanye iskar da ke cikin ruwa, kifi ya rasa numfashi, musamman da asuba. Tun 1984 kuma wata baƙuwar kainuwa mai shuɗin fure ta ɓullo ta rafin Badagry. Kowace damina takan shimfiɗu a kan ruwa, ta tare hasken rana, ta hana kwalekwale wucewa, sai gishirin rani ya kashe ta.

Abin da ya auku a Minamata ta ƙasar Japan ya isa ishara. Shi ma ruwa ne a lungu, masunta na zaune a bakinsa. Masana'antar Chisso ta yi ta zuba masa dagwalo mai zaiba daga 1932 har 1968. Gubar ta shiga ƙananan halittu, daga nan ta shiga kifi, tana ƙara taruwa a kowane mataki, har ta isa jikin mutane. Cikin 1956 aka tabbatar da cutar a hukumance: hannu da ƙafa su mace, gani ya ƙuntata, magana ta sarƙe, jarirai a haife su da naƙasa. Da sunan garin aka ƙulla yarjejeniyar duniya kan zaiba cikin 2013, Nijeriya kuwa tana cikin waɗanda suka sa hannu.

Kada mai karatu na Kano ko Sakkwato ya ce ina ruwansa. 'Yan'uwansa da ke Agege da Idi-Araba da Obalende suna cin kifin nan, kuma hukuncin da ke kan Osa shi ke kan kowane tafki da madatsar ruwa a Arewa.

Ya wajaba hukumar NESREA, wadda aka kafa cikin 2007, da takwararta ta Jihar Ikko su riƙa auna ruwan nan a kai a kai, su bayyana wa jama'a sakamako, su kuma tilasta wa masana'antu tace dagwalonsu kafin su sake shi. Rigakafi ya fi magani, domin gubar da ta kwanta cikin laka ba ta fita da ruwan damina ɗaya.