In Kiɗa Ya Sauya, Rawa Ma Sai Ta Sauya

'Yan'uwa manoma, duk wanda ya girma a ƙasar Funtuwa da Malumfashi ya san abin da auduga ta yi mana. Da kaka akan kai ta fuloti, a auna, a biya. Injunan gurza su yi ta ruri, jirgin ƙasa ya kwashe. Mata na kaɗi, masaƙa na saƙa, marina na rini. Kowa da sana'arsa, kuma yana tsammani ita zai bar wa ɗansa.

To, ina aka kwana? A 1986 Gwamnati ta rushe hukumar cinikin auduga, manomi ya zama ba shi da tsayayyen farashi. Sa'an nan yadi mai araha daga ƙasar Sin ya cika kasuwa. Masaƙar KTL ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe. UNTL ma ta tsai da aiki a 2007. Mutumin da ya shekara ashirin gaban injin saƙa ya komo gida da gwanintar da ba mai saye. Ba lalaci ya yi ba. Ciniki ne ya sauya a wata ƙasa mai nisa, tuwonsa ya ragu a nan.

Abin da ya sami ma'aikacin masaƙa, shi ne ke zuwa gona a hankali. Maganin kashe ciyawa ya rage aikin 'yan ƙwadagon noma. Injin casa yana gama masarar gida cikin yini guda, matan da ke samun ɗan hatsi ta wurin sussuka sun rasa. Babur mai ƙafa uku ya karɓe lodin jaki da amalanke. Maƙerin garma kuwa yana kallo ana sayen kayan waje.

Waɗansu suna cewa mu ƙi injin, mu riƙe na gado. Mun ji tausayin da ke cikin maganar, amma ba mu yarda ba. Wanda ya ƙi, maƙwabcinsa zai karɓa, ya kuma sayar da hatsi da araha ya bar shi da nasa. Mu tuna da aikin gona na Funtuwa wanda Bankin Duniya ya taimaka aka fara a 1975. Kafin wannan lokaci masara abin bayan gida ce, ta gasawa. Da takin zamani da sabon iri suka zo, iyayenmu suka koya, har ƙasarmu ta yi suna da masara. Ashe koyon sabon abu ba baƙo ba ne a wurinmu.

Ga shawararmu ga kowace ƙungiyar gama kai.

Na fari, in an raba riba, a ware wani kashi domin koyo. A tura yara biyu, su koyi gyaran injin casa da na ban ruwa. Injin da ya lalace tsakiyar aiki, aka rasa mai gyara sai an je gari, hasara ce.

Na biyu, in ƙungiya ta sayi inji, a fara ba da aikinsa ga waɗanda injin ya raba da abincinsu. Matan sussuka su riƙe injin niƙa, 'yan ƙwadago su koyi feshi yadda ya kamata, da awo daidai da rufe hanci da jiki. Maƙeri ya koyi walda.

Na uku, a nemi malaman gona da masanan Samaru, kada a jira sai ɓarna ta auku. Tsutsar masara da ta shigo ƙasar nan a 2016 ta nuna mana sanin bara ba ya isa bana.

Amma fa da tsohuwar zuma a ke magani. Zaɓen iri, da takin gida, da haɗa dawa da wake a kunya ɗaya, ba su tsufa ba. Ranar da taki ya yi tsada, su ne mafaka. Dattawa su koya wa yara, yara su koya wa dattawa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A taronku na gaba, ku ƙidaya waɗanda aikinsu ya ragu a ƙauyenku, ku kira su da suna, ku tambaye su abin da su ke so su koya kafin damina ta faɗi.